Toma da ya ce sai ya gani an nuna masa, ni da ban ce ba fa?

Autar Mama:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ina da tambaya, kuma don Allah kar wani ya fara jefo min aya kafin ya gama karantawa. Ranar Lahadi aka yi mana wa'azi a kan Toma, Yohanna 20, mai wa'azin ya yi ta nanata "masu albarka ne waɗanda ba su gani ba amma suka ba da gaskiya", kowa na ta amin amin, ni kuwa ina zaune kamar an dasa ni. Wata 4 kenan da rasuwar mamanmu. Wata 7 muka yi muna jinya, babu irin addu'ar da bamu yi ba, azumin kwana 3, na kwana 7, ni da yayata har muka rame, dattawa sun zo sun shafa mata mai da sunan Ubangiji kamar yadda Yakubu 5 ya ce, kuma Allah ya sani da zuciya ɗaya na gaskata zata tashi, har silifas ɗinta ban ɗauke daga bakin ƙofa ba saboda nasan zata dawo ta saka abinta. Bata dawo ba. Silifas ɗin na nan har yau, na kasa taɓawa.

To ga tambayata. Toma almajirin Yesu ya ce shi fa sai ya gani kafin ya yarda Yesu ya tashi daga matattu, Yesu ya zo har inda yake ya nuna masa. Ni ban ce sai na gani ba, na gaskata ban gani ba, kuma ban ga komai ba. Tsakanina da Toma wa ya fi samun albarka? Wannan albarkar da ake cewa tamu ce, ina take?

Maman Biyu:
Wayyo ƙanwata. Sannu, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Maganar silifas ɗinnan ta sa ni hawaye

Sojan Yesu:
Yar uwa kiyi hakuri amma gaskiya daya ce. Yakubu 1:6 yace mai shakka kamar rakumin ruwa yake wanda iska ke kadawa, kada ya sa rai zai samu komai. Markus 11:24 kuma yace duk abinda kuka roka ku gaskata kun samu. Allah baya karya. Ki binciki zuciyarki kila akwai inda shakka ta shiga ba ki sani ba. Wannan tambayar ma da kike yi kofa ce kike budewa shaidan

Anti Nas:
Haba Sojan Yesu. Haba! Yarinya ta binne uwarta wata 4 kana ce mata ita ta jawo? Shekarata 19 ina aikin jinya, na rufe idon mutanen da suka mutu suna rera waƙar yabo, na kuma sallami waɗanda ko sunan Allah basa son ji sun tafi gida da ƙafarsu. In da yawan bangaskiya ne ke hana mutuwa da tuni na ga alama. Akwai wata tsohuwa da bazan manta ba, numfashi ma da kyar take yi amma duk wanda ya zo duba ta sai ta kama hannunsa ita ta yi masa addu'a, da asuba ta cika. Ka je ka ce mata shakka ta yi.

Sojan Yesu:
Anti ni bance ita ta jawo ba, Maganar Allah na fada

Mai Bishara:
Ɗan'uwa Maganar Allah ka faɗa amma rabi ka ɗauko. Elisha wanda ya ta da ɗan matar nan ta Shunem daga matattu, ciwo ne ya kashe shi, 2 Sarakuna 13:14. Bulus da ake kai wa marasa lafiya ƙyallen da ya taɓa jikinsa su warke, shi da bakinsa ya ce ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya, 2 Timoti 4:20. Ƙayar da ke jikin Bulus ɗin sau 3 ya roƙa a cire, aka ce masa alherina ya ishe ka. Ubangiji kansa a Getsamani sau 3 ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, ba a ɗauke ba. A cikin waɗannan wa za ka ce shakka ta shiga zuciyarsa?

Shugaban Zaure:
Mu yi a hankali don Allah. Mai makoki ce ta yi tambaya, ba gasar aya muke ba.

Malamin Lissafi:
Ni bari in fara da wanke Toma, don mun daɗe muna cin zalin bawan Allahn nan. Ku buɗe Yohanna 20:20 ku gani. Daren farko da Yesu ya bayyana ga almajirai, Toma baya nan, me ya fara yi? Ya nuna masu hannuwansa da kwiɓinsa, SANNAN suka yi murna. Wato su ma sai da suka gani. Kafin nan da matan suka dawo daga kabari da labari, Luka 24:11 ya ce maganar ta zame masu kamar tatsuniya, basu yarda ba. To abin da Toma ya nema shi ne daidai abin da sauran 10 suka riga suka samu, bai ƙara ko ɗigo ba sai maganar sa yatsa. Amma shi kaɗai aka liƙa wa suna mai shakka shekara kusan 2000.

Kuma mutumin nan ba matsoraci bane. Lokacin da Yesu zai koma Yahudiya wajen Li'azaru, almajirai na cewa yanzun nan fa ake neman jifanka, Toma ne ya ce mu ma mu je mu mutu tare da shi (Yohanna 11:16). A sura 14 da Yesu ya ce kun san hanyar inda zan tafi, kowa ya yi shiru kamar ya gane, irin ɗaliban ajina, Toma ne ya buɗe baki ya ce Ubangiji bamu san inda zaka ba, ta ina zamu san hanya? Da bai yi wannan tambayar ba da bamu samu "Ni ne hanya, ni ne gaskiya, ni ne rai" ba. Ni a aji irin Toma nake so, ba masu gyaɗa kai ba.

Maman Biyu:
Kuma ma'anar sunansa ɗan tagwai ne ai, Didimas. Ni da na haifi biyu nasan halinsu, in ka ba ɗaya abu ɗayan baya nan, ko rantsuwa ka yi sai ya gani da idonsa 😂 kuyi haƙuri na kawo wasa

Autar Mama:
Anti kin sa ni dariya ban shirya ba. Malam na ji bayaninka kuma na gode, amma ka ga ka ƙara ƙarfafa maganata ne. Duk sun gani. Bitrus ya gani, Maryamu Magadaliya ta gani, Toma ya gani. Mu ne kawai aka ce mu gaskata haka nan.

Ɗan Tambaya:
Nima nan nake son a tsaya. Ni tun ina yaro nake coci amma wannan ayar tana bani tsoro saboda yadda ake amfani da ita. Duk mai son ya damfare ka da sunan Allah abinda zai fara ce maka kenan, kar ka tambaya, kar ka nemi hujja, gaskata kawai, kawo iri ka shuka zaka ga mu'ujiza. Wani ɗan'uwana haka ya kwashe jarinsa kaf ya kai wa wani mai kiran kansa annabi, yau shekara 3 ba mu'ujiza ba jari. Shi ma ai ya gaskata bai gani ba. To ku faɗa min bambancin bangaskiya da wauta, don daga nesa kamarsu ɗaya

Mai Bishara:
Tambaya mai kyau, kuma ba sabo bane yinta. Ka lura Yesu bai ce masu albarka ne waɗanda basu da dalili ba, cewa ya yi waɗanda basu gani ba. Toma ba a cikin duhu yake ba, mutum 10 da ya yi shekara wajen 3 yana kwana yana tashi da su, ya san basa masa ƙarya, su suka ce masa mun ga Ubangiji. Shaida ce a gabansa ya ƙi karɓa. Kuma da Yohanna ya gama ba da labarin, nan take a aya 30 da 31 ya ce an rubuta waɗannan ne domin ku ba da gaskiya. Wato ga shaidar waɗanda suka gani, ku auna.

Dubi Bulus a 1 Korantiyawa 15, wasiƙar da ya rubuta shekara 20 da ɗoriya kacal bayan gicciye. Bai ce masu ku rufe ido ba, sunayen waɗanda suka ga Yesu bayan ya tashi ya jero, Kefas wato Bitrus, sha biyun, Yakubu, sannan 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci ɗaya, ya ƙara da cewa yawancinsu suna nan da rai. Me kake nufi in ka ce wa mutum shaidu na nan da rai? Je ka tambaye su kenan. Ɗan damfara baya ce maka je ka bincika. Mutanen Biriya ma yabonsu aka yi don kullum suna duba Nassi su ga ko abin da Bulus ke faɗa haka ne, Bulus fa! 1 Yohanna 4:1 kuma cewa ya yi kada ku gaskata kowane ruhu, ku gwada su. Wanda ya hana ka tambaya ka riƙe aljihunka da kyau.

Ɗan Tambaya:
Na yarda da rabin maganar. Amma mutum 500 ɗinnan ni bazan iya zuwa in tambaye su ba ai, sun mutu tuntuni

Malamin Lissafi:
Kakan kakanka ma baka gan shi ba kuma baka taɓa shakkar ya wanzu ba. Ranar haihuwarka wa ya faɗa maka, ko kana riƙe da kalanda ranar? Rabin abin da ka sani a duniya ji ka yi daga wanda ka amince da shi. Magana dai ita ce wane ne mai faɗar, kuma me ya ci a ciki. Su waɗannan ba kuɗi suka samu ba, bulala da kurkuku suka samu, Yakubu ɗan'uwan Yohanna ma takobi Hirudus ya sa aka kashe shi da shi, Ayyukan Manzanni 12. Ban ce wannan ya zama lissafi irin 2 da 2 huɗu ba, in ya zama haka ai ba sauran bangaskiya. Amma ba tsalle cikin rijiya bane.

Ɗan Kwaya:
Tambaya a gefe, wai Toma ya sa yatsan kuwa ko bai sa ba? a hotuna kullum ana zana shi yana tura yatsa

Mai Bishara:
Nassi bai ce ya sa ba. Yesu ya ce masa kawo yatsanka, abin da ya biyo baya kawai shi ne "Ya Ubangijina da Allahna". Kuma Yesu cewa ya yi don ka GAN ni, bai ce don ka taɓa ni ba. Masu zane ne suka ƙarasa.

'Yar Katolika:
Mu a wajenmu duk Lahadi ta biyu ta Ista wannan karatun ake yi, kowace shekara ba fashi. Fafaroma Giregori Babba, wanda ya rasu a shekara ta 604, ya yi wa'azi a kai inda ya nuna cewa rashin gaskatawar Toma ta fi amfanar bangaskiyarmu a kan gaskatawar sauran almajiran, don ta dalilinsa ne aka tabbatar mana jiki ne na gaske ya tashi ba fatalwa ba. Kuma Kiristocin Kerala a Indiya har yau da sunan Toma ake kiransu, a gadonsu sun riƙe cewa shi ya kai masu bishara a shekara ta 52.

Amma Auta abin da nake so in faɗa miki daban ne. Mama Teresa ta Kalkata, da ta rasu a 1997 kowa na ganin ai wannan kullum tana jin Allah a kusa. Sai a 2007 aka buga wasiƙun da ta rubuta wa masu ba ta shawara, aka ga ashe shekaru masu yawa, kusan 50, ta yi tana jin kamar Allah ya yi mata shiru, tana addu'a kamar da bango take magana. Kuma duk tsawon lokacin nan kullum da asuba tana sujada, ta fita ta wanke miyakun mutanen da aka tsinto a titi. Ni da na ji wannan ban raina ta ba, sai ma na samu sauƙi a raina.

Sojan Yesu:
Ni dai bana gina bangaskiyata akan mutum

Anti Nas:
Ba wanda ya ce ka gina. Ka dai bari wasu su yi magana.

Baba Dattijo:
'Yata, sai yanzu jikana ya buɗe min wayar, na karanta duka tun daga sama. Sannu da rashi. Ni ba mai ilimi bane kamar su Malam, abu ɗaya zan nuna miki a cikin labarin nan wanda masu wa'azi ke tsallakewa.

Aya 26 ta ce bayan kwana 8. Yesu bai zo wa Toma a daren da ya yi maganar ba, bai zo washegari ba. Mako guda cur ya bar shi. Ki zauna ki yi tunanin wannan makon. Mutum 10 suna ta murna, wannan ya ce ka ga yadda ya shigo ƙofa a kulle, wancan ya ce ni na fara ganinsa, shi kuwa yana gefe zuciyarsa kamar dutse, abin da ya sani kawai shi ne an kashe Malaminsa. Irin zaman da kika yi ranar Lahadi kenan kowa na amin. Amma da kwana 8 suka cika, ina aka same shi? A ɗakin. Tare da su. Bai yarda da maganarsu ba amma bai kwashe kayansa ya tafi ba, su kuma basu kore shi ba. Ban san wanne ya fi bani mamaki ba a cikin biyun.

Matata shekara 11 kenan da ta tafi gida. Mun yi shekara 38 tare. Nima na yi addu'ar da kika yi, har na yi wa Allah alkawura iri iri kamar mai ciniki. Bayan an binne ta na yi kusan shekara ina zuwa sujada bana iya buɗe baki in rera waƙa, ni da nake dattijo, mutane na ganin ƙarfin hali ne ya sa na yi shiru. Littafin waƙoƙinta na nan da alamar da ta sa a shafin da ta tsaya, ban matsar ba. Saboda haka bazan ce miki ki ɗauke silifas ba.

Kin tambaya ina albarkar take. Ni ban ganta a ranar da na nema ba. Abin da na gane daga baya shi ne na ɗauka bangaskiyata ita ce "zata warke", ashe wannan fatana ne, kuma ba laifi bane fata. Abin da aka yi mana alkawari da rantsuwa shi ne zata tashi. Li'azaru da aka tayar ai ya sake mutuwa, 'yan'uwansa sun sake kuka. Tashin da Toma ya gani shi ne wanda babu mutuwa a bayansa, kuma shi ne mamanki ke jira, ni da ke ma shi muke jira. Wannan kam har yanzu ba wanda ya gani a cikinmu.

Maman Biyu:
Kai Baba 😭

Mai Bishara:
Baba ya gama magana. Abin da zan ɗora kawai, Ibraniyawa 11 da muke so sosai, mun fi karanta farkonta. Bangaskiya ita ce tabbacin abin da muke bege, da haƙiƙancewar abin da ba a gani ba, sai mu bi da su Nuhu da Ibrahim da waɗanda suka rufe bakin zakoki. Amma daga tsakiyar aya 35 labari ya juya, waɗansu aka azabtar da su, aka jejjefe su, aka tsaga su da zarto, suka yi yawo cikin fatun tumaki. Aya 39 ta ce DUKANSU an yaba masu saboda bangaskiya, amma basu karɓi abin da aka yi alkawari ba. Wanda ya tsira daga takobi da wanda takobi ya ci, layi ɗaya aka sa su. Ibrahim kansa yana da shekara 75 aka kira shi, sai da ya kai 100 ya riƙe Ishaku a hannu, ƙasar da aka ce tasa ce kuma abin da ya mallaka a ciki har ya mutu filin kabarin da ya saya ya binne Saratu ne. Shi ya sa Romawa 8:24 ta ce begen da ake gani ba bege bane, wa ke begen abin da yake gani?

Ɗan Tambaya:
Wannan ɓangaren na zarto ban taɓa jin an yi wa'azi a kai ba tunda nake

Ɗan Kwaya:
ba zai tara baiko ba shi yasa 😅

Shugaban Zaure:
Ɗan Kwaya kama bakinka.

Anti Nas:
Auta kuma kar wani ya ce miki kuka rashin bangaskiya ne. 1 Tasalonikawa 4:13 bata ce kar ku yi baƙin ciki ba, cewa ta yi kar ku yi irin na waɗanda basu da bege. Yesu ya san minti kaɗan ya rage ya ta da Li'azaru, duk da haka ya yi kuka. Kina samun barci kuwa? Ki min magana ta inbos.

Sojan Yesu:
Yar uwa idan maganata ta bata miki rai ki yafe min. Ban taba rasa na kusa dani haka ba. Amma har yanzu ina gaskata Allah yana warkarwa

Baba Dattijo:
Yana warkarwa ɗana, ba wanda ya musa. Ka ci gaba da roƙo. Sai dai in ka je gidan makoki ka fara zama tukuna, abokan Ayuba kwana 7 suka yi shiru, kuma a nan ne kawai suka yi daidai.

Autar Mama:
Na yafe Sojan Yesu, ba komai. Na gode maku duka, jiya ban iya amsawa ba sai da na kashe data na yi kuka mai isata. Baba na karanta naka ya fi sau 5. Bazan yi maku ƙarya in ce yanzu komai ya warware ba, har yanzu in na tuna yadda take kiran sunan Yesu da daddare ciwo na cinta sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji, kuma har yanzu ina ganin Toma ya fi ni sa'a, shi kwana 8 kawai ya jira. Addu'ar da nake iya yi yanzu guda ɗaya ce, ta mutumin nan mai yaro a Markus 9, na ba da gaskiya, ka taimaki rashin bangaskiyata, daga nan sai in rasa abin cewa.

Da na yi niyyar daina zuwa coci sai zuciyata ta huce. Zan je ranar Lahadi, amma a baya zan zauna, kuma in aka fara ba da shaidar warkarwa zan fita waje in sha iska, kar wanda ya biyo ni.

Yau da safe yayata ta yi shara ta ɗauke silifas ɗin ta sa a kan taga. Na mayar.

Anti Nas:
Ki bar min wuri kusa da ke a bayan. Kuma baki amsa min maganar barci ba.